Sabon akwati a bayan tsohon inji

Labarin da zan ba ku yau na mota ne, amma ko wanda bai taɓa riƙa sitiyari ba yana da rabo a ciki, don magana ce ta mai ƙaramin ƙarfi da ke son raya abin da ya gada. A kakar 2019 ni da wana munka ɗaura wa tsohuwar motar mahaifinmu akwatin giya na wata mota da ta fi ta ƙuruciya. Ni ba makaniki ba ne. Aikina koya wa manya karatu da lissafi, kuma karatuna bai wuce firamare ba. Amma ni na riƙe littafin kuɗɗin wanga aiki tun daga farko har ƙarshe. Kuɗɗina suna ciki, kuskurena ma yana ciki. Shi ya sa na ga ya kamata in faɗa maku, ko wani ya tsira da nashi.

Garinmu yana arewa da Gidan Rumji. Kafin ka hau kwalta sai ka ci rairayi wajen kilomita 20. Mota guda gare mu a garin, Peugeot 404 mai buɗaɗɗen baya, wadda muke ce wa kat-san-kat bashe. Baba ya saye ta hannu na biyu tun ba a haife ni ba, da kuɗɗin gujiya da na bijimi guda. Irin wagga mota ta fara fitowa a Faransa a 1960, mai ɗaukar kaya kuwa ta biyo baya a 1967. An yi ta haɗa ta a Kaduna bayan da anka buɗe masana'antar can a 1975, a Kenya ma ba a bar haɗa ta ba sai 1991. Dattawa sun san ta sarai, sun san injinta mai silinda 4 wanda ke kishingiɗe gefe guda kamar mai hutawa. Yau ire-irenta sun yi ƙaranci bisa hanya, kayan gyaransu ma haka.

Da Allah ya yi wa Baba rasuwa, sai motar ta koma hannun Yaya. Da ita yake ci da gidanshi da Inna. Ita ke kai hatsi da wake da awaki kasuwa, ita ke komowa da gishiri da kananzir da siminti. In haihuwa ta zo wa mace da gardama tsakar dare, ƙofar Yaya ake bugawa. Ranar da motar ba ta tashi ba, sai a koma ga amalanken shanu, kuma kun san yadda kilomita 20 take ga marar lafiya bisa amalanke.

Ciwon ya daɗe yana yi mamu sallama, mu ne ba mu amsa ba. Tun damina giya ta uku ta fara ƙin zama. Da an ɗaga ƙafa daga totur sai ta fice da kanta. Yaya ya koma tuƙi da hannu guda, ɗayan yana dafe da sandar giya. Daga baya wata ƙara ta taso daga ƙarƙashi kamar ana niƙan tsakuwa. Ga kuma mai yana ɗiga duk inda ta kwana, muna gani, muna cewa sai bayan kaka. Ran nan suna komowa daga kasuwa da lodin da ya fi ƙarfinta, dab da Gidan Rumji, sai anka ji ƙaras. Inji yana ta kuka, mota ba ta motsi. Fasinjoji sunka tura ta har garejin Kawu, ƙanen Inna, wanda ya tsufa cikin gyaran waɗanga motoci.

Kawu ya kwance kusar da ake zubar da mai. Abin da ya fito bai cika gwangwanin tumatir biyu ba, baƙi ƙirin, da gutsattsarin ƙarfe a ciki. Ya dube mu ya ce: «Ku kunka kashe shi, ba tsufa ba. Akwati ba ya rayuwa da ƙishirwa.» Sa'an nan ya tada injin, ya saurara, ya duba hayaƙi, ya kwance buji ya duba. Ya ce injin kam lafiya lau, zai iya shekaru in ana kula da shi. Akwatin ne ya mutu, kuma in za a sayi haƙoran da sunka karye ɗaya bayan ɗaya, kuɗɗin sai sun fi na wani akwatin.

Nan fa shawara ta rabu. Wani mai sayen tsohon ƙarfe ya zo ya taya motar a kilo. Waɗansu sunka ce a sauke inji da akwati duka a sa na wata mota ta zamani, amma kuɗɗin da anka faɗa ko gonarmu munka jinginar ba mu kai ba. Mu kuwa so muke mu samu akwati irin namu sak, mai giya 4. To, a watan agusta na shekarar nan Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta fara buɗe su ba sai disamba 2020. Zuwa Katsina ko Kano neman kaya ya zama wahala da tsada. Guda biyu da Kawu ya sa anka dubo mamu a Maraɗi kuwa, sun sha wuya kamar namu. Sayen su sayen ciwo ne.

Sai Kawu ya ce akwai wata dabara. A nemo akwatin Peugeot 505, mai giya 5. Ita 505 ta fito a 1979, kuma injin esansi na da yawa daga cikinsu jikan injin 404 ne, gida guda sunka fito, kishingiɗarsu ma guda. Akwatin 404 na ƙarshe-ƙarshe, irin namu, da na 504 da wanga na 505, duk zuri'a guda ce da makanikai ke kira BA7. Mai giya 5 ɗin ƙari anka yi mashi ta baya. Kawu ya ce: «Ƴan uwa ne, amma ba tagwaye ba ne. Za su zauna tare in an bi su da awo. In an bi su da guduma, kuɗɗinku sun tafi.»

Kafin in ci gaba bari in faɗi aikin akwatin nan, wanda makanikanmu ke ce wa buwat, yadda Kawu ya gane da ni. Inji yana juyi da sauri ƙwarai amma ƙarfin juyinshi kaɗan ne. Akwati ke musanya sauri da ƙarfi. A giya ta ɗaya inji zai juya sama da sau 3 da rabi kafin sandar da ke fita baya ta juya sau guda, shi ya sa mota ke iya tashi da lodi tana tafiyar hawainiya. A ta huɗu juyin inji da na sanda daidai suke. A ta biyar sanda ta fi inji sauri: inji ya juya kusan sau 5, ita ta juya 6. Kamar keke ne mai sarƙa hawa-hawa. Ƙafar mai tuƙi ba ta sake ba, yadda ake raba ƙarfinta ne ya sake. Ku riƙe wagga magana, za mu komo kanta.

Sai batun kuɗɗi. Yaya yana da jika 60. Ni ina da jika 70 da na yi shekara biyu ina tarawa don in yi wa ɗakin maiɗakina rufin kwano, don damina biyu ke nan muna tara ƙwarya a tsakar ɗaki. Da na gaya mata, ta yi shiru, can ta ce: «Malam, in motar ta tashi ta ɗauko kwanon. In ba ta tashi ba, kai za ka gaya wa ruwa ya dakata.» Inna kuma ta ce a sai da ragonta, anka samu jika 55. Munka haɗa jika 185. Da munka ji ana sai da irin akwatin ƙasa da jika 100, har munka fara lissafin abin da zai yi saura. Wanga shi ne kuskurenmu na fari: mun ɗauki kuɗɗin akwati a kan kuɗɗin aiki.

Ranar da za mu Maraɗi Kawu bai bar mu munka tafi hannu sake ba. A gaban akwati akwai wani murfin ƙarfe mai faɗi da ke haɗa shi da inji. Da faransanci sunan ƙararrawa suke ba shi, amma ni na ga ya fi kama da ƙwarya. A irin waɗanga akwatuna ana kwance ƙwaryar, kuma Kawu ya ce tamu ta asali za mu riƙe, don ita ta san injinmu da mazaunin abin tada shi. Saboda haka ya aza kwali a bayan ƙwaryar, ya bubbuga da ƙaramar guduma har ramukan kusoshi sunka fito jikin kwalin. Ya ba mu tsohon faifan ambirayaj, wanda mutanen Nijeriya ke ce wa kuloci. Ya auna tsawon sandar gaba ta akwati, wadda ke shiga cikin faifan, da kaurin bakinta, da tsawon akwatin duka. Na rubuta komi cikin littafi. Na zuba alli biyu na aji cikin aljihu, don ya ce za su yi amfani.

A Maraɗi, wurin masu sai da kayan tsofaffin motoci, mutum na farko ya jawo mamu wani akwati wankakke yana ƙyalli. Ya ce na 505 ne, kuma Peugeot duk Peugeot ce. Yaya har ya sa hannu aljihu. Na ce: «Yaya, dakata mu gwada kwalin Kawu.» Munka aza, ramuka sunka ƙi haɗuwa. Ashe 505 iri-iri ce, akwai mai esansi, akwai mai gazuwal, akwatunansu ma ba iri guda ba ne, wanga babba ne na wata zuri'a. Mai kayan ya ce ai sai a huda sabbin ramuka. Munka yi mashi godiya munka wuce. Da mun biya, da labarin ya ƙare nan, don kuɗɗin da ya shiga aljihun ɗan kasuwa ba ya son komowa.

Sai a rumfa ta huɗu munka samu wanda ya dace, duk ƙura da baƙin mai. Kwali ya hau daidai. Faifanmu ya zura cikin haƙoran sandar gaba ba tilas, ba kuma girgiɗi. Tsawon sandar ya yi daidai da abin da na rubuta. Sa'an nan munka yi abin da Kawu ya hore mu. Munka kwance kusar mai munka duba ko da ɓarɓashin ƙarfe, ba mu ga sai ɗan laushi kamar toka ba. Munka kama sandar gaba munka jijjiga, ba ta rawa. Na shata alli gaba da baya, Yaya yana sa giya ɗaya bayan ɗaya yana juyawa da hannu, ni ina ƙirga. Duk biyar ɗin da ta baya sunka shiga, ba inda ta cije, kuma lissafin juyi ya fito yadda anka gaya mamu. Munka daidaita a jika 85, da sandar sa giya jika 6. Munka kira maƙwabcin rumfar ya zama shaida cewa in ya ƙi aiki cikin kwana 7 za a karɓa.

To, jama'a, wuri huɗu ne tsoho da sabo ke gamuwa, kuma kowane wuri da bakinshi na cin kuɗɗi. Na fari shi ne gaba. Ƙwaryarmu ta hau sabon akwati lafiya. Amma da Kawu ya duba faifan ambirayaj ya ga ya cinye har kusoshinshi sun kusa fitowa. Ya ce a sayi sabo, da abin da ke danna shi, da ɗan zoben da bakin sandar gaba ke zama ciki a gindin inji. Na yi ƙorafi, na ce ai tsohon yana aiki. Ya ce: «Ɗana, faifan nan ba a kai gare shi sai an sauke akwati. Ka fi son biyan saukewa sau biyu?» Munka saya, jika 28. Ya sake robobin da ke tare mai gaba da baya. Ya kuma gargaɗe mu cewa irin wanga akwati man inji ake zuba mashi, kada wani ya ruɗe mu da kakkauran man da ake sa wa pon na baya.

Na biyu shi ne ƙasa, inda akwati ke zama bisa matashin roba. Sabon ya fi tsohon tsawo da kusan faɗin tafin hannu, don haka mazauninshi ya ja baya. Anka yanko ƙarfe mai kauri anka yi mashi sabon wurin zama. Kawu ya ɓata rabin yini yana ɗagawa yana saukewa, don akwatin ya miƙe sosai da sandar baya, kada ya karkace ko ya sunkuya.

Na uku shi ne sama. Sandar giyar 404 jikin sitiyari take, ta sabon akwati kuwa daga ƙasa take fitowa. Dole anka huda daɓen motar tsakanin direba da fasinja, anka rufe gefen ramin da robar tsohuwar taya don ƙura da zafi. Nan munka yi wata hasara da ba wanda ya tuna da ita: mazaunin tsakiya. Wanda ya zauna nan yanzu sai ya karkata gwiwoyinshi gefe, kuma dattijo ko mace ba su yarda. Kujerar gaba kuwa ita ta fi tsada. Wayar agogon gudu ta shiga, amma da munka gwada ta da duwatsun kilomita na bakin kwalta munka ga ba ta faɗin gaskiya, sai munka san yawan kuskurenta munka riƙe a ka.

Na huɗu shi ne baya, kuma nan ne na jawo mamu. Tun da akwati ya ƙara tsawo, doguwar sandar da ke kai juyi ga ƙafafun baya, wadda waɗansu ke ce wa farfela, ta yi yawa, sai an rage ta. Kawu ya ba da awo, ya ce a kai ta Maraɗi wurin mai injin sassaƙar ƙarfe, wanda zai yanke ta, ya ɗaura ta bisa injinshi, ya tabbata ta miƙe kafin a liƙe da bayan an liƙe. Jika 15 ake biya, ban da kuɗɗin mota. Ni kuwa na buɗe littafi na ga abin da ya rage bai taka kara ya karya ba. Na ce wa Yaya: «Ga mai walda nan bayan kasuwa, yana yin ƙofofi da gadaje. Yanka da liƙi ne fa. Jika 3 zai karɓa.» Yaya ya yi jim, ya ce: «Malam, kai ke da lissafi.» Munka kai.

Mai waldar bai cuce mu ba, ya yi iyakar abin da idonshi ya nuna mashi. Da Kawu ya ga sandar ya mirgina ta bisa siminti, ya ce wa ya yi wanga aiki. Munka faɗa. Ya ce shi hannunshi ba ya ɗaura ta. Munka yi ta magiya, gobe kasuwa, mun yi sati huɗu ba ko dala. Ya ce to ku ɗaura da hannunku. Yaya da yaron gareji sunka ɗaura.

Cikin rairayi ba mu ji komi ba, har muna dariya. Da munka hau kwalta Yaya ya sa ta huɗu, sai motar ta ɗauki rawa. Madubi yana kaɗawa, haƙoranmu suna haɗuwa. Ya sa ta biyar, abin ya ƙaru. Dalili kuwa a fili yake: sandar nan tana juyi sau dubbai cikin minti guda, a giya ta biyar ma ta fi injin kanshi sauri. Karkatar da ido ba ya gani, a wanga gudu sai ta zama duka. Munka lallaɓa munka yi kasuwa biyu a haka. Ran na ukun munka ga mai yana bin bayan sabon akwatinmu. Girgizar ta cinye robar baya. Da ba mu duba ba, da mun kashe na biyu da ƙishirwa kamar na fari.

Daren nan ban yi barci ba. Ragon Inna da kwanon maiɗakina duk suna cikin akwatin da na kusa hallakawa don in tsirar da jika 12. Da safe na tafi wurin Kawu na ce na yi laifi. Bai yi mani faɗa ba, ya ce araha ba ta ado, je ka nemo wata sanda, don wagga an riga an ɓata ta. Munka sayi wata jika 20, munka kai inda anka ce tun farko. Na tsaya na ga yadda mutumin ke juya ta a hankali, yana duba wani ɗan agogo mai allura da ya jingina mata, yana gyarawa har allurar ta kusa daina motsi. Motar ta ƙara kwana 9 a gareji.

Ga lissafin yadda yake cikin littafina:

Akwati, jika 85.
Sandar sa giya, jika 6.
Faifan ambirayaj da abokan tafiyarshi, jika 28.
Robobi da mai, jika 9.
Ƙarfe da waldar mazauni, jika 7.
Yankan sanda na fari, jika 3.
Sanda ta biyu, jika 20.
Mai injin sassaƙar ƙarfe, jika 15.
Roba da mai karo na biyu, jika 5.
Kuɗɗin mota da abinci, jika 12.
Ladan Kawu da yaranshi, jika 30.

Jimla jika 220. Ku duba ku gani, akwatin da munka ɗauka shi ne aikin duka bai kai rabi ba. Jika 28 kuwa, wato yankan fari da sanda ta biyu da roba da mai na biyu, kuɗɗin wautata ne. Abin da ke hannunmu ya gaza da jika 35. Kawu ya ce ya jira ladanshi har a yi kasuwanni. Sauran jika 5 maiɗakina ta ciro daga kuɗɗin man gujiyarta ta ba ni, ba ta ce uffan ba, kuma shirun nan ya fi mani faɗa zafi.

Yanzu mu komo ga maganar da na ce ku riƙe. Yaya ya zaci giya ta biyar za ta mai da tsohuwa budurwa. Ranar farko da ya yi lodin buhuna ya hau kwalta, ya sa ta biyar, sai motar ta yi sanyi. Ya taka totur har ƙasa, inji yana ƙwanƙwasa, gudu yana raguwa. Ya komo ranshi a ɓace, ya ce wa Kawu an sai da mamu giyar banza. Kawu ya yi dariya ya ce: «Akwati ba ya haihuwar ƙarfi, rabawa yake yi. A ta biyar ka rage wa inji juyi ɗaya cikin 6, ka kuma rage wa ƙafafu ƙarfin turi daidai haka. Jakin Babanku ne dai, sabon akumari ka sa mashi.» Ya ce in an matsa wa tsohon inji da lodi a giya ta biyar, zafi zai yi, kuma abin da anka tsirar na esansi a biya shi wurin gyaran inji.

Da sannu Yaya ya gane wurinta. Cikin rairayi ta ɗaya da ta biyu da ta uku ne ke aiki, kamar da. Da lodi bisa kwalta, ta huɗu. Ta biyar sai in an sauke kaya ana komowa, ko ana tafiya Maraɗi da mutane kaɗan, hanya shimfiɗe, ba iska a gaba. Nan kam tana da daɗi. Kukan inji ya kwanta har ana jin hira, zafinshi ya ragu, esansi ma muna ganin ɗan sauƙi. Sai dai akwai tarko a ciki. Da kuka ya ragu, direba ba ya jin yana gudu, alhali birki da tayu da ƙafafu na da ne. Shi ya sa munka yi alkawari gaban Inna cewa in akwai mutane zaune bisa kaya a baya, ba a sa ta biyar. Sati biyu kuma Yaya yana kai hannu jikin sitiyari neman sandar da, yana kama iska, yaran gari suna yi mashi dariya.

In wani ya tambaye ni ko aikin ya biya, sai in ce ya biya, amma ba ta inda munka zata ba. Ribarmu ba gudu ba ce. Ribarmu ita ce mun samu akwati mai sauran rai a lokacin da irin namu ya gagara, mun kuma bar injin da muka sani, wanda kowane makanikin karkara ke iya buɗewa. Wanda duk ke son bin wagga hanya, ga abin da zan ce mashi. Ka fara tabbata injinka yana da lafiya, in ba haka ba kana yi wa gawa ado ne. Ka nemi akwati daga zuri'ar motarka. Kada ka je kasuwa sai da kwali da tsohon faifai da awo a rubuce. In an gaya maka kuɗɗin akwati, ka tanadi ninkinshi da ɗori. Ka yi tsimi wurin fenti da kujera, kada ka yi shi wurin abin da ke juyi. Kuma kowane sati ka leƙa ƙarƙashin motarka da safe ka ga ko ƙasa ta jiƙe.

Yaya ya biya Kawu kafin azumi, ya mayar wa Inna da tunkiya mai ciki maimakon ragonta. Ni sai da munka ƙara damina guda muna tara ƙwarya. Bayan kakar 2020 ya kawo mani jika 70 ɗina cif, kuma motar ce ta ɗauko kwanon daga Maraɗi. Maiɗakina ta ce ita za ta raka shi, ta zauna gaba, a mazaunin tsakiyar nan da kowa ke ƙi, ta karkata gwiwoyinta har gida. Sandar da munka ɓata tana nan, da ita muke tokare ƙofar garken awaki, kullum na wuce sai na gan ta.

Allah shi ba mu sa'a, shi tsare matafiya, shi sa albarka cikin abin da munka gada.